Azumin da Injin Malam Ya Yi Ta Mutuwa

Kwana shida ke nan rana ba ta leƙo mu ba a Rikkos. Wankin da na shanya tun Talata har yau da danshi, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana sai an ajiye ta gefen murhu kafin ta yarda ta kama. Mu mutanen Jos mun saba da marka, ba ita ce ta tayar mini da hankali ba. Yau da hantsi ne maƙwabcinmu ya kawo masu injin zarto su sare masa mangwaron da ya jingina da katanga. Ina tsintar shinkafa na ji an ja igiya, inji ya ɗauka, ya yi ta kuka, can ya yi tari ya mutu. Aka sake ja, ya ɗauka, ya sake mutuwa. A karo na uku na daina tsintar, tire a cinyata, na kasa kunne.

Ya tuna mini shekarar da azumi ya faɗo mana cikin marka. Lokacin 'yata Ladi tana da shekara shida, ƙaninta Sani yana goye. Mijina, Malam Isyaku, ya daɗe yana dakon katako wa mutane a kasuwar Katako kafin Allah ya hore masa injin kansa, wani babban tsohon hannu mai nauyin ɗan akuya. Yanka ya iya, wannan kam ba a ja da shi. Gyara ne bai iya ba, kuma ba ya son a ce bai iya ba. A ɗakinmu injin yake kwana, kan buhu, ƙarƙashin gado. In ya dawo aiki sai ya goge shi tsaf kafin ya wanke ƙafarsa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, don abin da muke ci daga bakin wannan ƙarfen yake fitowa.

A daminar nan aka shiga wahalar mai. Layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, 'yan bumburutu kuma suna sayar da abin da suka ga dama, rabi fetur rabi kananzir. Malam zai wuni a layi ya dawo da abin da bai cika galan ba, ya haɗa shi da baƙin mai, ya zuba a tanki a hankali kamar mai ɗura wa jariri magani.

Wata safiya ina shara na jawo buhun, sai warin fetur ya buge ni. Na duba, na ga buhun ya jiƙe a wuri guda. Injin ya ɗan kishingiɗa, mai yana tsattsafowa ta wani ɗan rami a kan murfin tanki, ramin bai fi tsinin allura ba. Raina ya ɓaci. Mutum ya wuni cikin ruwa don wannan man, shi kuma yana tsiyayewa a buhu? Ni kuwa na san maganin yoyo. Rishona da ya huje da sabulu na liƙe shi, haka kowace mace a layinmu take yi, haka ma direbobi suke yi wa tankin mota. Na gutsuro koren sabulun wankina, na murza shi ya yi laushi, na danna a ramin da babban yatsa har ya shige, na shafe. Yoyo ya tsaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ban faɗa wa Malam ba, don ba abin faɗa ba ne, kamar a ce ka ɗaure bakin buhu ka je kana ba da labari. Kwana biyu dusar katako da baƙin mai suka rufe wurin, ni ma na manta.

A makon ne ya sami aiki a Kuru, wajen wani dattijo manomi, Da Pam. Yana da jerin itatuwan turare a gefen gonar dankalinsa, yana son a sare a tsaga masa katakon rufin ɗakin ɗansa. Ba kuɗi a hannun kowa a lokacin, sai suka shirya a kan abinci: in an gama, dankalin turawa da acca, rassan kuma nawa ne in sayar a ƙofar gida. Da wannan muka sa rai za mu yi azumi mu yi Sallah. Ba mu da wani abin bayan shi.

Ranar farko ya dawo tun kafin la'asar, fuska a murtuke.

"Lafiya, Malam?"

"Injin nan ne. Sai ya ɗauka lafiya lau, ya yi kamar minti goma, sai ya fara shaƙewa. In na ba shi wuta sai ya mutu."

"In ya mutu ba ya tashi?"

"Sai na zauna, na buɗe tanki na duba mai, na ɗan jira. Sai ya tashi kamar ba shi ba. Zafi ne yake yi, ina ji."

Daga nan muka shiga. Ya ce filogi ne. Ya kwance shi, ya kankare da reza, ya ƙona bakinsa a murhuna, bai yi ba, ya sayo sabo. Minti goma, ya mutu. Ya ce soson iska ne ya toshe, na wanke masa shi da ruwan zafi na shanya a kan murfin tukunya, don rana babu. Minti goma. Ya ce man bumburutu ne, ya tace shi da tsohon ɗankwalina har sau biyu. Ya kwance salansa ya ƙwaƙule baƙin da ya taru a ciki da ƙusa, tsakar gida ta yi baƙi ƙirin. Ya kai wa wani makanikin babur, ya wanke kabureta, ya hura, ya juya wasu ƙananan kusoshi, ya tayar da shi a gabansa ya yi minti biyu yana kuka, ya ce an gama. A bakin shago kam an gama. A gindin itace, minti goma.

Ana cikin haka aka ga wata.

Wanda bai yi azumin marka a Jos ba bai san shi ba. Azumin zafi ƙishirwa ce. Wannan kuwa yunwa ce zalla, ga sanyi yana bin ta a baya. Ruwa ba ya sauka da ƙarfi a huta, yayyafi ne siriri tun safe har yamma, hazo ya rufe duwatsu, tufa ba ta bushewa a jikin mutum. Da sahur ɗumamen tuwon jiya ne in ya ragu, in bai ragu ba ruwan zafi da ɗan gari. Kafin azahar cikinka ya manne, yatsunka sun ƙage. Itace jiƙaƙƙe, in na hura wutar buɗa-baki sai na yi hawaye kafin ta kama. Kunun ma tsararo, ba sukari. Ladi takan leƙa kofi ta dube ni, kuma wannan kallon nata ya fi mini kuka ciwo.

Ni ma na fara bin Malam Kuru, in goya Sani, in bar Ladi wajen maƙwabta. Yana kayar da ƙananan itatuwan da kyar, guntu-guntu, tsakanin mutuwar inji da tashinsa, ni da matar Da Pam, Ngo Garos, muna bi da adda muna sassabe rassa muna ɗaurewa. Mace ce gajera mai ƙarfin tsiya, Hausarta irin ta mutanen can, kowa "kai" ne a wurinta.

"Maman Ladi, kai zauna ka huta. Kai da azumi, kai da goyo."

Ba ta taɓa cin komai a gabanmu ba. In yunwa ta kama ta sai ta ce za ta duba awaki, ta dawo tana goge baki a ɓoye. In za mu tafi ta cusa mini dankali a ƙullin zani, ƙananan da ba sa sayuwa, ta ce na yara ne. Da wannan dankalin muka kai goma ta tsakiya. Aikin da ya kamata a gama a mako guda ya shiga na uku, katakon da aka tsaga bai kai rabi ba.

Malam ya rame, ya daina hira. Bayan buɗa-baki sai ya shimfiɗa buhu ya baje ƙarafa, ya yi ta juya su. Wata rana na ce masa ko baki ne, a nemi addu'a. Ya ce, "Inji ba ya jin baki, Hajara. Akwai abin da yake so, ni ne ban gane ba." Murfin tankin nan yana gefen gwiwarsa, ina kallonsa, wallahi ko a raina.

Sai aka yi wani ruwa da ƙanƙara da iska, irin wanda ke yaye kwano. Washegari muka tarar babban itacen turaren da ke bayan gidan Da Pam ya karkata. Itace ne da mutum biyu ba sa iya rungume shi. Ƙasa ta jiƙe ta saki saiwarsa ta gefe guda, ya sunkuyo kan ɗakin da jikokinsu ke kwana. In iska ta kaɗa sai ka ji ƙasa tana numfashi a gindinsa.

Da Pam ya ce, "Malam, bar katakon nan tukuna. Wannan shi ne damuwata. In aka sake ruwa irin na jiya, ba ni da gida."

Malam ya zagaya itacen sau biyu ya ce, "Jibi zan kayar da shi, in Allah ya yarda."

A hanya na tare shi. Na zauna da mai yankan itace shekara tara, na san abin da ya sha gaya mini da bakinsa. Babban itace ana fara yi masa baki ta gefen da ake so ya faɗi, sannan a zagaya baya a yanka. Wannan yankan na baya ba a tsayawa a cikinsa. In aka tsaya a rabi, itacen ba ya tsaye ba ya kwance, sai inda iska ta ga dama.

Na ce, "Da wane injin za ka yi? Da wannan mai mutuwar?"

"Yankan baya ba zai kai minti goma ba."

"In ya kai fa? Ka ce su nemo wani mana."

"In suka nemo wani, shi zai ƙarasa katakon, shi zai kwashi dankalin. Me za ki ba yaran nan?"

 Ya ce abu ɗaya yake so, mai na gaskiya daga gidan mai, wanda ba a taɓa ba, ya cika tanki har baki don kada inji ya sami hujja. Na ɗauki babbar kwallata ta aure na kai wa dillaliya. Washegari ni na tsaya a layi da galan, ruwa yana dukana, Sani yana baya, tun safe har la'asar. Na dawo da shi ina murna kamar na ɗauko magani.

Ranar ta zo da yayyafi. Da Pam ya tara maza shida, aka hau aka ɗaura igiya a sama, suka tsaya can cikin gona za su ja itacen ya bar kan gida. Aka fitar da yara da awaki. Ni da Ngo Garos muka tsaya wajen shingen ƙyarana. Malam ya yi wa itacen baki lafiya, ya kashe inji da kansa, ya bar shi ya huce. Ya cika tanki har yana ambaliya, ya murɗa murfin da ƙarfi, ya yi bisimilla, ya ja igiya.

Ya shiga yankan baya. Dusa tana fita ja-ja, ƙamshin turaren ya cika wurin. Ina ƙirga numfashina. Ko minti biyar bai yi ba na ji muryar injin ta canja, wannan shaƙewar da na riga na haddace. Malam ya ba shi wuta. Ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai yayyafi a kan ganye. Itacen ya koma baya kaɗan ya danne harshen injin a cikin yankan.

Da Pam ya ɗaga murya, "Malam, bar shi. Fito."

Ni ma na ce ya fito, ban san ko muryata ta fita ba. Amma injin nan shi ne gidanmu gaba ɗaya. Ya dafa ƙafa a gindin itacen yana jansa, yana girgizawa. Iska ta taso daga wajen Vom, ba ma mai ƙarfi ba. Masu igiya suka ga saman yana tafiya wajen gida, suka ja da iyakar ƙarfinsu. Itacen ya yi ƙara, ya tsage daga yankan zuwa sama, ya murɗa, ya tafi cikin gona. Gida ya tsira. Gindin ne ya yi tsalle ya dawo baya ya sauka a kan ƙafar Malam ta dama.

Bai yi ihu ba. Da na isa yana kallon sama, ruwa yana zuba masa a ido, yana cewa, "Injin fa? Ku duba injin." Injin yana gefe cikin laka, ko kwarzane bai yi ba.

Da ƙyauren ɗakin jikokin nan aka ɗauke shi zuwa titi. Ngo Garos ta kwance Sani daga bayana ta goya shi, ban ma sani ba sai a mota. A asibiti suka ce ƙashin ya niƙe, ba abin da za a haɗa. Suka yanke daga ƙasan gwiwa. A can muka yi Sallah, ina jin kabbarar masu tafiya Idi ta taga. Da Pam ya zo da buhunan dankali da acca har gida, cikakku, kamar an gama aikin. Ya tsaya a zaure yana juya hula a hannu.

Bayan an sallamo Malam, wansa Yaya Garba ya ce a sayar da injin a sama masa jarin tireda. Ya kawo wani tsoho daga kasuwar Katako wanda ya ƙware a irin waɗannan injuna, ya duba kafin a yi ciniki. Malam yana kan tabarma a bakin ƙofa, ni ina daga gefen murhu. Ya ba tsohon labarin duk abin da aka canja. Tsohon ya zuba mai, ya tayar da shi a tsakar gida, ya sa shi a wani gungume. Da ya mutu, bai taɓa filogi ba. Ya kai kunnensa kusa da tanki ya murɗe murfin a hankali. Har inda nake na ji ya yi tsss, kamar an buɗe kwalbar lemo.

"Ka ji?" in ji shi. "Ba ya shan iska. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai tanki ya riƙe man. In ka buɗe ka duba, ka ba shi iska, shi ya sa yake tashi. In ka cika shi har baki kuwa ya fi saurin mutuwa." Ya goge murfin da gefen rigarsa, ya duba. "Akwai ɗan rami a nan da aka yi don haka. Uwar gida, taimake ni da allura."

Ni na ciro ta daga ɗankwalina na miƙa masa. Da hannuna.

Ya soka, ya juya, ya ciro. Wani ɗan abu ya biyo tsinin, baƙi a sama, kore a ciki. Ya murza a yatsa ya shinshina.

"Sabulu ne."

 Sauran sabulun yana nan a kan dutsen wanki, taku uku daga tabarmar Malam, kore shar, da gurbin inda nake gutsura. Na ga idonsa ya je can. Ya daɗe a can. Bai juyo wajena ba.

Yaya Garba ya miƙe tsaye. Mutum ne mai zafi, kuma shi ya yi ta jinya tare da ni. "Sabulu? Wane marar hankali ne ya toshe wannan? Makanikin nan ne? Wallahi in shi ne sai na..."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe.

"Ni ne, Yaya," in ji Malam. "Na ga yana yoyo, na liƙe. Na manta."

"Kai? Kai da kanka ka cire wa kanka ƙafa saboda ɗigon mai?"

"Ni ne. A bar maganar."

Yaya Garba ya yi ta faɗa, ya kira shi abin da ya kira shi a gaban baƙo, Malam yana sunkuye yana gyara ƙullin bandeji. Tsohon ya mayar da murfin ya ja igiya. Injin ya ɗauka. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce, yana kuka lafiya lau a tsakar gidana, bai ko yi tari ba, har man ya ƙare. Ina tsugune a bakin murhu ina tura itace a wutar da ba ta buƙata, ina share hawaye ina cewa hayaƙi ne.

Shekara goma sha ɗaya Malam ya yi bayan nan a tiredarsa ta bakin layi, da sandarsa a jingine. 'Yan unguwa suna tsokanarsa da Mai Sabulu, don Yaya Garba bai iya riƙe magana ba, shi kuwa sai ya yi murmushi ya miƙa musu canjinsu. Sau ɗaya na gwada. Muna zaune da rana, yara ba sa nan, na ce, "Malam, maganar murfin nan." Ya ce, "Hajara, fetur kika so ki tattala mana. Miƙo mini butar can." Bai ƙara ba, har ya koma ga Allah. Na so ya zage ni ko sau ɗaya ne. Da ya fi mini sauƙi.

Yanzu mai yana samuwa in kana da abin saye, injunan ma sun ƙanƙance, yara suna ɗaukarsu da hannu ɗaya. Ladi tana ɗakinta da 'ya'ya huɗu, Sani yana karatu. Har yau a saninsu babansu ne ya toshe ramin.

Da injin maƙwabcin nan ya mutu a karo na huɗu, na ajiye tiren, na yafa mayafi na fita cikin yayyafi. Mai yankan yana tsugune a gindin mangwaron, ya riga ya ci rabinsa, yana ƙoƙarin kwance filogi.

Na ce, "Bar filogin nan. Buɗe murfin tanki a hankali, ka sa kunne."

Ya ɗago yana dariya. "Mama, ina kika san inji?"

Na ciro allurar daga ɗankwalina na riƙe, ban miƙa masa ba.

"Fito daga ƙarƙashin itacen tukuna," na ce. "Bar injin a nan. Kai ka fito."